Gargaɗi Ga Mutanen Lajawa: A Raba Waken Bana Da Fiya-fiya

Jama'ar Lajawa, da 'yan'uwanmu na Darki da Utai da Achika da Indabo, da duk mai cin kasuwar Wudil: Kaka ta yi, roron wake ya kankama, kuma nan da 'yan makonni za a ɗinke buhuna a jibge a ɗaka. So nake wannan magana ta riske ku tun basilla ba ta shiga bakin buhun farko ba. Don Allah kada kowa ya zuba fiya-fiya a waken da ɗan Adam zai ci. Kada a yayyafa, kada a shafa a bayan buhu, kada a jiƙa tsumma a cusa a tsakiya. Ƙwayar gas ɗin nan kuma da wasu ke kira bom, kada a jefa ta a ɗakin da yake haɗe da ɗakin kwana. Fiya-fiya tana bin wake har cikin tukunya. Bom kuwa tana iya ɗauke mutanen ɗaki guda a dare ɗaya, ba wanda ya ci ko loma.

Bara war haka na je gaida wani dattijo, aminin mahaifina. Tun daga nesa wari ya tare ni. A ƙofar gida an shimfiɗa tamfol an baza wake fari tas, wani saurayi na tsaye a kai riƙe da gorar ruwa da aka huda murfinta da ƙusa, yana yarfawa yana juya waken da ƙafarsa. Ba takalmi, ba komai a hancinsa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, yana ta goge majina da bayan hannun da yake riƙe da gorar. A gefen tamfol ɗin wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba ta tsuguna tana tsintar wake tana zubawa a gwangwanin tumatir, wasan girki take yi. Na ɗauke ta na miƙa ta cikin gida na ce a wanke mata hannu da sabulu, sannan na durƙusa na gaida mai gidan.

Na ce, "Baba, wannan fa guba ce kuke sa wa abinci."

Ya ce, "Ɗana, na sani ba zuma ba ce. To ya zan yi? Shekaran bara buhu uku na ajiye ina jiran ya yi daraja, kafin azumi, biyu daga ciki sun zama gari. Wanda ya saura ma da ƙyar dillali ya kalle shi."

Ban iya ce masa ƙarya yake ba, domin gaskiya ya faɗa. Manomi ba don mugunta yake wannan aiki ba. A kaka wake yana faɗuwa ƙasa warwas saboda kowa ya fito da nasa, sai bazara ta yi nisa yake tashi. Mai son ya ci ribar guminsa dole ya ajiye, mai ajiya kuma ƙwaro na jiransa. Saboda haka wanda zai ce wa manomi ya bar fiya-fiya, wajibi ne ya nuna masa abin da zai kama. Akwai abin kamawar, kuma zan zo kansa. Amma a fara sanin abokin gaba.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfanin. Macen tana manna ƙwanta a jikin kwanso ko a jikin ƙwayar wake, ɗan fari ƙarami kamar ɗigon gishiri. In ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa fili, ta ƙasan ƙwan take hudawa ta shige cikin ƙwayar, ta zauna tana ci har ta rikiɗa ta zama ƙwaro, sannan ta fasa ta fito. Ramin da muke gani a jikin wake ƙofar fita ce, kafin ido ya gan shi an riga an gama ɓarna. A zafi irin namu mako uku zuwa huɗu ya isa ƙwai ya zama uwa, kuma uwa ɗaya tana zuba ƙwai gommai. Shi ya sa buhun da ka ɗinke yana sheƙi a watan Nuwamba, ka buɗe shi a Maris ka tarar da ƙura da ɗumi. Shi ya sa kuma mai fiya-fiya ba ya tsayawa a zubi ɗaya: maganin yana kashe na waje, na ciki ya fito daga baya, sai a sake bazawa a sake yarfawa, wani har sau uku kafin ya sayar.

Ita fiya-fiya sinadari ne da ake rubuta wa DDVP a jikin kwalba, shi ne a cikin Sniper da ire-irensa. Jijiyoyi yake kamawa. Yana hana su saki bayan sun ɗaure, sai jiki ya rikice, numfashi ya gagara. Yadda yake yi wa ƙwaro haka yake yi wa mutum, yawan da ake bukata ne kawai ya bambanta, kuma na yaro ƙarami bai kai na babba ba. Ta baki yana shiga, ta hanci yana shiga, ta fata ma yana shiga, don haka saurayin can mai juya wake da ƙafa yana shan rabonsa tun kafin a kai ga masu ci. Wanda ake tallarsa a ƙananan kwalabe marasa takarda ya fi muni, domin ko mai sayarwar bai san me aka gauraya a ciki ba.

An sha ganin ƙarshen wannan hanya a ƙasar nan. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Doma, jihar Gombe, aka kwasa zuwa asibiti bayan cin waken da aka adana da maganin ƙwari. A wannan shekarar dai, a Bekwarra ta jihar Kuros Riba, mutum fiye da 100 suka kwanta bayan cin wake da alala, yara biyu suka rasu. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda DDVP. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma a waken da aka kai musu an samu daga 0.03 har zuwa 4.6, wato na ƙarshen ya ninka iyakar sau 460. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, ga shi an ce ta riƙe kayanta. Su Turawa suna da na'urar awo a tashar jirgin ruwa, sun auna sun ƙi. Uwargidan da ta aiki yaro ya auno kwano ɗaya a kasuwar Darki ba ta da na'ura, hancinta kawai take da shi, wari kuma yana gushewa tun maganin bai gama fita ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana tallar wannan magani a ƙananan kwalabe da sayar da shi barkatai a kasuwanni, kuma ta sha nanata cewa ba a adana abinci da shi. Duk da haka kowa ya san ranar kasuwa ba ya wuyar samu.

Za a ce ai ana wankewa, ana tafasawa a zubar da ruwan farko. Wanki da tafasa suna ragewa, ban musa ba. Amma ba mai iya auna abin da ya rage a gida, kuma ba duk wake ne ke ganin ruwa ba. Garin ɗanwake fa? Tsincewa ake yi a haɗa da rogo ko dawa a kai inji a bushe, abin da ke jikin waken duk ya shige cikin gari. Dusar da aka fece kuma kaji da awaki ake ba wa.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi damuna. Mutum ya ware na cin gidansa ya ajiye ba magani, na sayarwa kuma ya tula masa. Wanda ya yi haka ya san abin da yake yi, kuma haƙƙin duk wanda ya cutu yana wuyansa. Ko ta fuskar tsira da kai ma dabarar ba ta fita. Waken da ka sayar a Wudil ranar Juma'a shi mai ƙosai za ta saya, ɗanka kuma a wurinta zai karya. Shi ake dafawa a makarantar kwanan da 'yarka take, shi ne a garau-garaun da almajiri zai ci a tasha. Wanda ya wuce kasuwar Dawanau kuwa Allah kaɗai ya san cikin da zai sauka.

Sai bom. Wannan ƙwaya da zarar ta sha danshin iska sai ta fara sakin gas mai kisa, ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na gas ɗin. Ba a ganinsa. Wani lokaci ana jin wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma mai barci ba ya jin wari. Yana bi ta tsagar bango, ta ƙarƙashin ƙofa, ta saman katangar da ba ta kai rufi ba. Ga hunturu na tafe, lokacin da ake toshe taga da tsumma a rufe ƙofa ruf, yara su kwanta a ƙasa kan tabarma. Har yau likitoci ba su da makarin wannan guba, iyakarsu su tallafi numfashi da zuciya su roƙi Allah. Aikin ƙwararru ne a sito mai nisa da gidaje, wanda ake rufewa a sa alama, a buɗe ya sha iska kafin a shiga. Ba kayan ɗakin uwargida ba ne, kuma ba maganin ɓeran ɗaki ba ne. Farar tokar da take bari a baya ma ba a shara ake zuba ta ba, ba a kuma watsa mata ruwa. Binnewa ake yi nesa da gida da rijiya.

To me za a kama? Ƙwaro rai gare shi, numfashi yake yi. In ka hana shi iska ka gama da shi, ba sai da ɗigon magani ba. A kan wannan aka gina buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. Binciken ya faro ne a ƙarshen shekarun 1980 a Marwa, arewacin Kamaru, tsakanin masanan ƙasar da na Jami'ar Purdue ta Amurka ƙarƙashin wani masanin ƙwari, Larry Murdock. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma. A Najeriya cibiyar IITA da malaman gona na jihohi suka zaga ƙauyuka, a ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance shi a gaban jama'a kowa ya sa hannu ya gani. Masanan cibiyar INRAN a Maraɗi sun gwada shi a kan wake shekara da shekaru. A nan Kano ma ake ƙera shi, ba sai an jira jirgi ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. In aka ɗaure ledojin, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye ɗan abin da ya rage cikin 'yan kwanaki, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Waken ya fito yadda aka zuba shi, a dafa a ranar, a shuka ma ya tsiro.

Amma buhun yana da sharuɗɗa, kuma yawancin masu cewa sun gwada bai yi ba, a nan suka yi sake. Kafin ka zuba komai, ɗauki kowace leda ka kaɗa ta ta cika da iska, ka shaƙe bakinta ka danna. In ta saki, akwai huda, nemo ta ka liƙe da salatif mai kyau ko ka canza. Sa leda cikin leda, ka sa su cikin buhun waje, ka zuba wake kaɗan tukuna don gindin ya zauna daidai, sannan ka ci gaba kana girgizawa. Kada ka cika fal, bar wuyan da za ka murɗa. Danna ledar ciki iska ta fita, murɗe wuyanta, lanƙwasa shi biyu, ɗaure da igiya ko kyauron roba. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Ɗauri uku daban-daban. Mai haɗa su ya ɗaure gaba ɗaya ya ɓata kuɗinsa. Basilla ba ta da aiki a nan, haka ma ƙarfen da dillalai ke soka wa buhu don ganin kaya. A ɗora shi kan katako, kada ya jingina da bango, a share waken da ya zube a ƙasa don kada ya gayyato ɓera. Kuma a bar shi a rufe. Buhun da ake kwancewa kullum ana ɗiban na miya ya koma buhun banza.

A kula da jabu. Ledar gaske kauri gare ta, maikuron 80 kowace, ta ninka ledar kanti sau da yawa, in ka ja ta ba ta miƙewa ta yi haske. Ku saya wurin dilan da aka sani, ko ku tambayi malamin gona na hukumar KNARDA. Ya fi buhun gama-gari tsada, gaskiya ne, amma in an lallaɓa shi yana kai kaka uku. Ku auna kuɗinsa da kwanon wake nawa ne, sannan ku tuna buhu biyun dattijon can.

Babban sharaɗi shi ne bushewa. Wake mai danshi in aka kulle shi a leda fumfuna zai yi. Tsince tsakuwa da kara da kwanso don kada su huda ledar, shanya a kan tamfol ba a ƙasa tsirara ba, har ƙwaya ta riƙa fashewa ƙaras a haƙori. Mai son tabbaci ya samu busasshiyar kwalba, ya zuba wake da cokalin gishirin da aka shanya ya bushe, ya rufe ya girgiza, ya bari kamar minti goma sha biyar ya sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da saura, a mayar rana. Ƙungiyar manoma kuma tana iya haɗa kuɗi ta sayi 'yar na'urar auna danshi guda ɗaya kowa ya amfana, danshin kada ya wuce kashi 13. Kuma kada a kwaso daga rana a zuba da zafinsa, a bari ya huce a inuwa, in ba haka ba zai yi gumi a cikin leda. Wannan magana ta shafi masara da gyaɗa ma fiye da wake, domin fumfunarsu tana haifar da gubar da ke lalata hanta.

Iyayenmu mata masu kwano goma ko ashirin ba sai sun nemi buhu ba. Jarkar da aka ci man gyaɗa ko ta ruwa ta isa: a wanke, ta bushe sarai, a cika ta da wake har wuya ana bubbugawa don ya zauna, a sa 'yar leda a baki a murɗa murfi tam, a manta da ita wata biyu. Duro mai murfin da ke kamawa ma haka. Sai dai jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ba ta shiga wannan aiki har abada, kuma ba ta zama ta ruwan sha ko ta kunu. Rana ma tana kisa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake ba da kauri ba, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, a bari awa biyu da tsakar rana. Zafin da ya kai digiri 57 na awa guda yana kashe ƙwaro da tsutsa da ƙwai. Sai dai ba ya hana sabo zuwa, don haka yana hucewa a kulle shi. Tokar da kakanninmu ke tankaɗewa su gauraya da wake, awo ɗaya na toka awo ɗaya na wake, ita ma masanan Marwa sun gwada ta sun tarar tana aiki. Akwai gajerun bidiyon zane na SAWBO da Hausa da ke nuna waɗannan dabaru. Samari masu manyan wayoyi, ku sauke ku nuna a majalisa da cikin gida.

Masu shuka sabon irin nan SAMPEA 20-T da cibiyar IAR ta Samaru ta fitar a 2019, ku sani tsutsar fure da kwanso yake jure wa a gona, ya rage muku yawan feshi. Ƙwaron ajiya yana cinsa kamar yadda yake cin kanannado da ɗan'ila. Ragowar irin da aka wanke da magani kuma, mai launin ja ko ruwan hoda, kada yunwa ko ganin asara su sa a dafa shi ko a ba dabba. A Iraƙi, tsakanin 1971 da 1972, mutane sun wanke launin irin alkama suka ga ya fita, suka niƙa suka yi burodi. Fiye da 6,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 400 suka rasu. Launi ya fita, guba ta zauna.

Ina roƙon dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe, a sa sanƙira ya zaga da wannan kafin a gama sussuka. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, minti biyu bayan huɗuba zai kai inda takarda ba ta kaiwa. Sarakunan kasuwa su hana baza wake ana yarfa masa magani a filin kasuwa. Masu shagon maganin gona, in mutum ya ce na wake yake so a wannan wata, ku tambaye shi na gona ne ko na buhu, kuma ku ajiye buhun leda a shagonku don ku sami abin miƙa masa. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a cikin garin Wudil da tsangayar aikin gona. Ɗalibanta su fito ranar kasuwa su ɗaure buhu a gaban mutane, kowa ya ga yadda ake murɗa wuyan leda.

Wanda wannan gargaɗi ya iske ya riga ya zuba, ya ware buhunan ya sa musu alama, kada ya gauraya da mai kyau, kada ya kai inji, kada ya kai kasuwa a matsayin na ci. Ya fitar da su daga ɗakin kwana yau, ya bar su na iri, ya nemi malamin gona.

In kuma aka ga mutum bayan feshi ko bayan cin wake yana dalalar da yawu, gumi na karyo masa, hawaye da majina na zuba, ga amai da gudawa, ƙwayar idonsa ta tsuke, naman jikinsa na rawa, ƙirjinsa na kurari, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Abin da aka ɗura yana iya faɗawa huhu. A fitar da shi fili, a tuɓe kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, mai wankewar ya sa leda a hannu. In ya suma a kwantar da shi ta gefe. In bom ake zargi, a fitar da kowa daga gidan har wanda ya ce lafiyarsa ƙalau, a buɗe ƙofofi da tagogi, a kai su duka a duba. A nemi mota ko babur nan take zuwa Babban Asibitin Wudil, ko da tsakar dare ne. Gubar fiya-fiya tana da allurar da ke karya ta in an isa da wuri. A tafi da kwalbar ko gwangwanin a ƙulle cikin leda, da ragowar abincin, a nuna wa likita.